Wa Ya Kori Damina? Shekara Hamsin na Kwaikwayon Ruwan Sahel a Kwamfuta

A can kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, akwai birnin Tamanrasset, wanda matafiya ke gajarce sunansa su ce Tam. A cikin birnin akwai unguwar Gataa El Oued, masaukin baƙi daga Nijar da Mali da sauran ƙasashen kudu, inda Bahaushe ba ya rasa abokin hira. Farin 1973 da na 1984 sun koro dubban Abzinawa da wasunsu zuwa wannan birni, kuma har yau duk shekarar da damina ta yi gardama a ƙasar Damagaram ko Tawa, hanyar Agadas zuwa Arlit zuwa In Guezzam takan cika da masu neman abin sakawa a baka. Hanya ce mai cin rai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, galibinsu mata da yara daga yankin Kantche, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Birnin yana da wasu baƙin na daban, wato masu binciken yanayi. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa akwai tashar awon yanayi a Tamanrasset, sannan a kan dutsen Assekrem, mai tsawon sama da mita 2,700, akwai wata tashar da ke auna iskar sararin samaniya a madadin duniya baki ɗaya. Abin da aka auna a nan yakan shiga cikin manyan kwamfutoci a Turai da Amurka, waɗanda aikinsu shi ne kwaikwayon damina. Da 'yan ci-rani da masu binciken, abu ɗaya ne ya haɗa su a gari ɗaya: ruwan saman Sahel.

Wannan rubutu zai bi sawun yadda aka tambayi kwamfuta dalilin ɗaukewar wannan ruwa, yadda ta ba da amsa a 1975, sannan ta ba da wata daban a 2003. Maganar ba ta masana ba ce su kaɗai, domin amsar farko ta ɗora laifin yunwa a kan manomi da makiyayi, kuma an yi shekaru ana tsara manufofi a kanta.

Mene ne kwaikwayon kwamfuta?

Mai binciken iri yana da gonar gwaji. Yakan raba ta biyu, ya zuba wa ɓangare ɗaya taki ya hana ɗayan, da kaka ya auna. Mai binciken damina ba shi da wannan gata, don Sahel guda ɗaya ce, ba dama ya sare itatuwanta ya ga abin da zai faru sannan ya mayar da su. Saboda haka sai ya gina wata Sahel ta lissafi. Yakan yanka doron ƙasa da sararin sama gida-gida kamar gurabun dara, a kowane gurbi ya rubuta zafi da danshi da nauyin iska da inda ta dosa. Sannan ya ba kwamfuta ƙa'idojin da iska ke bi: tana gudu daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi, mai zafi tana tashi sama, in ta tashi ta huce, tururin da ke cikinta ya zama gajimare. Kwamfuta ta lissafa yadda kowane gurbi zai kasance nan da 'yan mintuna, ta ɗora a kan wannan ta sake lissafawa, haka dai har damina guda ko shekara ɗari ta wuce a cikinta. Mai bincike sai ya canja abu ɗaya, ya sake kunna ta, ya kwatanta.

Wanda ya fara gwada wannan dabara ba shi da kwamfuta. Lewis Fry Richardson, Bature ɗan Ingila, yana tuƙin motar ɗaukar majinyata a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauki alƙalami da takarda ya lissafa yanayin sa'o'i shida na ranar 20 ga Mayu 1910 a tsakiyar Turai. Aikin ya cinye masa kimanin mako shida, kuma amsar ta fito a karkace: lissafinsa ya ce nauyin iska zai ƙaru da miliba 145, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Duk da haka ya wallafa aikin a 1922, har ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 a zaure ɗaya kafin a iya tsere wa yanayin duniya. Bayan shekaru masu yawa masana suka gano cewa ƙa'idojinsa lafiya suke, matsalar tana cikin alƙaluman da ya fara da su. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi.

A watan Maris na 1950 aka yi hasashen farko da kwamfuta, a wata na'ura mai suna ENIAC da ke jihar Maryland ta Amurka. Ta ɗauki kusan sa'o'i 24 kafin ta lissafa yanayin sa'o'i 24. Jagoran masanan da suka yi aikin shi ne Jule Charney. Shi ne kuma mutumin da bayan shekara 25 ya juyo da hankalinsa kan ƙasarmu.

Hukuncin farko

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, har suna ake raɗa mata. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Amma shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 na albarka ne, ruwa ya wadata, manoma suka yi ta matsawa arewa suna sassabe a ƙasar da a da kiwo kawai ake yi. Daga 1968 sai ruwa ya fara ja da baya, ya kai maƙura a 1972 da 1973. Dabbobi suka mutu ba adadi, dalar gyaɗa ta Kano ta soma zama labari. A Nijar fushin jama'a kan rabon abincin agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974.

Tun kafin wannan fari akwai wani zargi da ke yawo a ofisoshin Turawa. A 1934 wani malamin gandun daji daga Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da rani, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara na tahowa kudu, kuma noman talakawa da kiwonsu da ƙunar daji ne ke buɗe mata ƙofa. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ke tahowa ba. Rahoton ya shiga kabad, zargin kuwa ya ci gaba da rayuwa.

A 1975 Charney, wanda a lokacin farfesa ne a jami'ar MIT, ya ba wannan zargi ƙafar tsayawa. Hujjarsa ita ce: ƙasa mai ciyayi duhu gare ta, tana shan hasken rana, fako kuwa da farin yashi suna mayar da hasken sama. Ƙasar da ta mayar da haske ba ta ɗumama iskar da ke kanta sosai, iskar sai ta riƙa sauka maimakon tashi, kuma iska mai sauka ba ta haɗa hadari. To in dabbobi suka cinye ciyawa, ruwa zai ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, ruwa ya ƙara raguwa. Shi da abokan aikinsa, Peter Stone da William Quirk, suka gwada wannan tunani a manhajar kwaikwayo ta hukumar NASA da ke New York. Suka kunna ta sau biyu. A karo na farko ƙasa tana mayar da kashi 14 cikin 100 na hasken rana, a na biyu suka ɗaga shi zuwa kashi 35. Ruwan daminar Sahel ya faɗi da kusan kashi 40.

Aikin kimiyya ne na gaske, kuma shi ne ya buɗe fagen nazarin yadda ƙasa ke shafar sama. Amma a dubi abin da aka tambayi kwamfutar. An ce mata: idan ƙasa ta yi fari haka, me zai faru? Ba a tambaye ta ko ƙasar ta yi farin haka a zahiri ba, don wannan sai an je an auna. Sannan kowane gurbi na manhajar ya fi kilomita 400 faɗi, wato Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram duk suna iya faɗawa gurbi guda, da ruwa ɗaya, da ƙasa iri ɗaya. Masu binciken sun san waɗannan iyakoki. Waɗanda suka ɗauki sakamakon zuwa zauren taro su ne suka bar iyakokin a baya. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan gurgusowar hamada a Nairobi a 1977, ra'ayin da ya rinjaya shi ne mutumin Sahel da hannunsa yake ɓata ƙasarsa. A rage dabbobi, a zaunar da makiyaya wuri ɗaya, a tsananta dokar daji, a dasa shingen itatuwa.

Teku ta shigo shari'a

Fari ya dawo a 1983 da 1984, ya fi na baya tsanani. A yankin Maraɗi yunwar ta samu sunan El Buhari, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudana a Yamai. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Tambayar da ta dami wasu masana ita ce, ta yaya kiwo zai sa ruwa ya ɗauke lokaci ɗaya tun daga Senegal har Sudan?

Tun a 1978 Peter Lamb ya lura cewa shekarun fari a Sahel suna zuwa tare da wani salo na ɗumin ruwan tekun Atlantika. A 1986 masana uku na hukumar yanayi ta Ingila, Chris Folland da Tim Palmer da David Parker, suka wallafa a mujallar Nature cewa duk lokacin da tekunan kudancin duniya, har da tekun Indiya, suka fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, damina takan gaza hawowa arewa. Sun ga haka a tsofaffin alƙaluman da jiragen ruwa suka tara, sannan suka gwada a manhajarsu, ita ma ta nuna hakan.

Aikin da ya fi sauya ra'ayin masana ya fito a mujallar Science a 2003, daga Alessandra Giannini da R. Saravanan da Ping Chang. Sun ɗauki wata manhajar NASA, suka ba ta ɗumin tekunan duniya na gaskiya, kamar yadda aka auna daga 1930 zuwa 2000. Ba su sare mata itace ko ɗaya ba, ba su ƙara mata akuya ko ɗaya ba. Duk da haka sai ta fitar da shekarun albarka na 1950, ta kuma fitar da farin shekarun 1970 da 1980. Bambancinsa da gwajin 1975 shi ne, a wannan karon akwai ma'auni a hannu: tarihin ruwan da aka auna a tashoshi irin su Kano da Yamai da Damagaram tun farkon ƙarni na 20. Charney bai faɗi ƙasa warwas ba, don bushewar ƙasa da mutuwar ciyayi suna ƙara wa fari tsanani. Sai dai ba su ne ke kunna shi ba.

To me ya sanyaya tekunan arewa? A 2002 Leon Rotstayn da Ulrike Lohmann suka nuna da nasu kwaikwayon cewa hayaƙin masana'antu mai ɗauke da farar wuta, wanda Turai da Amurka suka riƙa fitarwa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana tare hasken rana a arewacin duniya, ya tura ɗamarar ruwan sama kudu. Har yanzu masana na auna kason hayaƙi da kason juyin teku na ɗabi'a, amma akalar magana ta juya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Shaida ta zo daga ƙasa ma. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka irin su Dagaceri, ya kuma nuna cewa karkarar Kano, duk da cunkoson jama'arta, ta riƙe itatuwanta da albarkar gonakinta ta hanyar taki da haɗa noma da kiwo. A 1991 hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990 suka nuna cewa bakin Sahara yana matsowa ne in ruwa ya yi ƙaranci, ya ja da baya in ruwa ya dawo. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake tofo a gona, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya. Mutumin da aka zarga da janyo hamada shi ne aka tarar yana korar ta.

Komawa fili da ma'auni

Darasin da masana suka ɗauka shi ne manhaja ba ta sanin ƙasar da ba a auna ba. A 1992 aka gudanar da wani babban aikin awo mai suna HAPEX-Sahel a wani fili mai faɗin kusan kilomita 110 a kowane ɓangare kusa da Yamai, inda aka kafa ma'aunan ruwan sama wajen ɗari. Abin da suka nuna kowane manomi ya san shi: ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, maƙwabcinsa ko ɗigo bai samu ba, kuma a ƙarshen damina tazarar takan yi yawa ƙwarai. Ga manhajar da ke ba gurbi guda lamba guda, wannan babban ƙalubale ne.

Daga 2002 aka fara wani shirin da ya fi wancan girma, AMMA, wanda ya haɗa masana na Afirka da Turai da Amurka, ya kai ganiyarsa a daminar 2006. An farfaɗo da tashoshin sakin balan-balan mai ɗauke da na'urar awo a Yamai da Agadas da Abuja da Tamale da Parakou da Kwatano. Tamanrasset ma ta samu nata rabon, inda aka girka na'urorin da ke harba haske sama don auna ƙura da kaurin iska mai zafi.

Me ya kai masu binciken damina tsakiyar hamada? Dalili shi ne abin da za mu iya kira kwarin zafin Sahara. Da bazara rana takan gasa hamada har iskar da ke kanta ta yi sauƙi ƙwarai, wurin ya zama kamar kwari, iskar teku mai danshi daga gaɓar Gini ta riƙa gangarowa cikinsa. Ita ce iskar bazara da manomi ke jira. Masu binciken AMMA sun gano cewa a ƙarshen watan Yuni wannan kwari yakan tashi daga kudancin Ahaggar ya koma yamma, tsakanin Ahaggar da duwatsun Atlas, 'yan kwanaki kafin damina ta kankama a Sahel. Ashe abin da ke faruwa a sararin Tamanrasset yana da hannu a ranar da za a yi shuka a Kantche.

A watan Yunin 2011 wani shirin, Fennec, ya kafa sansani a Bordj Badji Mokhtar, kusa da iyakar Aljeriya da Mali. A can ne aka tabbatar da girman wani gibi. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san iskar nan mai sanyi da ke tahowa da jar ƙura gaban hadari, wadda ke sa iyaye mata gudun kwashe shanya. Awon da aka yi ya nuna cewa wannan iska ce ke tayar da kusan rabin ƙurar wurin a lokacin, kuma tana kai sanyi da danshi can cikin hamada. Manyan manhajojin duniya kuwa kusan ba su san da ita ba, saboda hadari ya fi gurbinsu ƙanƙanta, sai dai su ƙiyasta shi da wata gajeriyar ƙa'ida. A 2012 Christopher Taylor da abokansa suka ƙara bankaɗo wani: hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna hadarin la'asar ya fi haɗuwa a kan busasshiyar ƙasa da ke kusa da jiƙaƙƙiya, alhali manhajojin da suka gwada akasin haka suke yi.

Waɗannan gibba su ne suka sa manhajoji ke saɓa wa juna kan makomarmu. A 2005 ta Princeton ta hango fari mai tsanani a Sahel kafin ƙarshen wannan ƙarni, wata ta Japan kuwa ta hango ƙarin ruwa. Sai a shekarun baya-bayan nan hukumar yanayi ta Ingila ta iya kwaikwayon nahiyar Afirka da gurabu masu faɗin kilomita 4.5, inda hadari ke haɗuwa da kansa a cikin lissafi. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna ruwa mai ƙarfi zai ƙaru, haka ma tsawon kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina. Ya yi daidai da abin da taurari suka riga suka gani, cewa manyan hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ƙarin zafin Sahara na cikin dalilai.

'Yan gida sun karɓi alƙalami

Idan mai karatu ya lura, kusan duk sunayen da aka ambata zuwa yanzu na baƙi ne. Wannan ya fara sauyawa, kuma farin ne da kansa ya dasa harsashin. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, ita kuma ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don horar da ma'aikatan yanayi da ruwa da noma. Cibiyar ACMAD ta nahiyar Afirka ita ma a Yamai ta fara aiki a 1992. Tun daga 1998, lokacin da aka yi zaman farko a Abidjan, masana yanayi na Afirka ta Yamma suna haɗuwa kowace shekara kafin damina, su baje sakamakon manhajoji daban-daban, su fitar da hasashe guda.

A ɓangaren jami'o'i, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 ta taka rawa babba. Tun da Filippo Giorgi ya koma can a 1998 take raba manhajar RegCM kyauta, tana kuma gayyatar matasan masu bincike daga ƙasashe masu tasowa su koyi sarrafa ta. Amfanin irin wannan manhaja shi ne tana ɗaukar yanki ɗaya, misali Afirka ta Yamma, ta yanka shi ƙanana. Shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi ya buɗe karatun manyan digiri a Akure da Minna da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da sauran jami'o'in yankin.

Masana noma ma suna da nasu kwaikwayon. Manhajar amfanin gona takan karɓi ruwan kowace rana, da zafi, da hasken rana, da irin ƙasa, da halin iri, ta lissafa girman shuka tun daga tsiro har girbi. A AGRHYMET an yi amfani da SARRA-H wajen hango amfanin gero da dawa kafin kaka. A Kano, masu bincike na Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, tare da takwarorinsu na IITA, sun yi amfani da DSSAT wajen tantance lokacin shukar masara da irin da ya dace da kowane yanki. A nan ma sai da aka koya wa manhaja halin gida. Maiwa da kaura da farafara ba sa ƙirga kwanaki kamar irin Turawa, tsawon yini suke bi, su fitar da kai daidai lokacin da damina ke sallama, abin da masu bincike a Samaru suka rubuta tun shekarun 1960. Manhajar da ba a saita ta da wannan ba za ta ba da lissafi tsaf, amma na wata dawar ce daban.

Hatta kalmar faɗuwar damina sai da aka fassara wa kwamfuta. A 1988 M. V. K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya tsara ma'auni: bayan 1 ga Mayu, ranar da aka tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, muddin ba a samu ɗaukewar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin masu biyowa. Wannan ba komai ba ne illa hikimar manomi ta bambanta ruwan shuka da ruwan yaudara, an mayar da ita lamba.

Abin da mai koyo zai riƙe

Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta a Kano ko Yamai ko Jami'ar Tamanrasset yau yana da abin da Charney bai samu ba, don ƙaramar kwamfutarsa ta fi ta NASA ta 1975 ƙarfi nesa ba kusa ba. Koyon danna maɓallai wata biyu ya isa. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ladubban aikin, kuma tarihin nan ya shimfiɗa su. Kafin ka tambayi manhaja gobe, ka tambaye ta jiya: in ba ta iya fitar da farin 1984 ba, babu dalilin gaskata ta kan 2050. Ka raba alƙalumanka biyu, ka saita ta da kashi ɗaya, ka jarraba ta da wanda ba ta taɓa gani ba. Ka kunna ta sau da yawa, ka kuma kwatanta da wasu manhajojin, domin tazarar da ke tsakanin amsoshin ita ma sakamako ce. Ka san faɗin gurbinka, kada ka yi wa ƙauye hukunci da lambar lardi. Sannan in za ka rubuta sakamako, ka bar kalmar "idan" a wurinta. Ita ce ta ɓace tsakanin New York da Nairobi. Mu da ke karanta hasashen damina a rediyo wannan nauyi ya hau kanmu, domin masana sukan ce akwai yiwuwar kaza cikin ɗari, mai sauraro kuwa so yake ya ji ko ya shuka ko ya dakata.

Babbar matsalar da ta rage ita ce wadda ta kayar da Richardson, wato alƙaluman farawa. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana kokawa cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin tashoshin awo. A 2022, bayan ambaliyar da ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, wata ƙungiyar masana ta duniya ta yi kwaikwayo ta ce ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa wajen sau 80 a yankin Tafkin Chadi. Amma da suka juya kan daminar 2021 da ta gaza a Nijar da Mali da Burkina Faso, sai suka kasa yanke hukunci, kuma ƙarancin ingantattun alƙaluma na cikin dalilan da suka bayar. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. Abin da yake buƙata shi ne mutumin da zai duba shi kowace safiya, shekara da shekaru, da hukumar da za ta biya shi ta kuma buɗe wa ɗalibai kundin.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Amma a zauren da ake rabon laifi da rabon kuɗin agaji, ba a sauraron mai ɗaki sai ya zo da lissafi. Wannan shi ne dalilin da ya sa 'ya'yan Sahel suke buƙatar iya wannan aiki da kansu, su riƙe manhaja a hannu ɗaya, ma'auni a ɗaya hannun. Allah Ya ba mu damina mai albarka.